Layi na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyu na dare a Puno.
Tafki ya yi tsit. Sanyi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa
ya zauna mini a yatsu.
Na buɗe fayil ɗin da kowa ke tsallakewa,
wanda ba ya lissafi, ba ya zana komai a allo,
aikinsa ya tsaya a bakin zaure
yana duban wayoyi: ke shigo, ke koma.

Wata huɗu ina ginin manhajar nan,
kuma abin da na ɗora mata bai taka kara ya karya ba:
ta tashi manomi kafin ƙanƙara ta kwanta a kan dankali,
ya samu ya hura hayaƙi a gefen gona.

Ran Lahadi na kai ta ƙauye.
Kawu Fortunato ya zaro wayarsa daga cikin hular ulu,
an ɗaure ta da roba, gilashin ya dare gida uku.
Muka nema a rumbun manhajoji.
Muka sake nema da sunana.
Sai ga wani ɗan rubutu mai ladabi:
wannan na'ura ba ta dace ba.
Ya ce, "Marleni, me ta ce?"
Na ce sabis ne, Kawu.
Ya san ƙarya nake. Ya miƙo mini dankali mai zafi da cuku.

To ga ni yanzu ina bin sawun ɓarawo,
sawun kuwa ya dawo ɗakina.

Layi na tara: mafi ƙarancin siga.
Na rubuta ashirin da tara
don wayar da ke aljihuna sabuwa ce,
na auna wuyan rigar duniya da nawa wuyan.
Lamba ɗaya, ta rufe wa rabin tsaunin nan ƙofa
ba tare da ta ɗaga murya ba.

Layi na goma sha bakwai: kyamara mai saita kanta, dole.
Wa ya ce dole?
Ni, ko dai wata ni ta bara,
da ta kwafo layin daga aikin wani kantin takalma a Lima
ta manta shi a nan kamar allura a katifa.
Me ya haɗa ƙanƙara da hoto?

Sai jerin izini, abin kunya:
a ba ni lambobin abokanka, a ba ni makirfo,
roƙon da ko maƙwabcin shekara talatin ba zai yi ba.
Na share. Na bar biyu:
in san inda gonarka take,
in yi ƙara da asuba.

Na mai da dole ta koma in akwai.
Na sauke ashirin da tara zuwa ashirin da ɗaya,
nan take kwamfuta ta yi jajir da ƙorafi,
kuskure arba'in da uku,
kowanne yana cewa tsohuwar waya ba ta san wannan ba.
To, a koya mata da yaren da ta sani.
Shayin koka ya huce sau biyu.
Karnukan unguwa ma sun haƙura sun kwanta.

Motar farko ta tashi ƙarfe biyar,
ni da buhunan taki da wata mata mai kaji.
Wayar Kawu ta ɗauki minti shida tana haɗiya,
tana zafi a tafina kamar ƙwai sabon fitowa.
Sai allo ya buɗe: daren yau, ƙanƙara.

Ya kai ta nesa da ido, ya dawo da ita kusa.
Ya ce rubutun ya yi ƙanana.
Ya ce gwiwarsa ta faɗa masa haka tun jiya.
Sannan ya cusa ta cikin hula, daidai kunne,
ya tafi tara busasshiyar kashin tumaki.